Ƙwayar Masarar Baba

Salala, watan Rajab

Zuwa ga ƙanena Ussi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, da Baba, da 'yar'uwarmu Mwatima da yaranta. Ni dai ga ni nan a ƙasar waje, a ɗakin ƙanƙara na adana kifi, ina feɗe kifin da wasu suka kamo. Yatsuna ba sa lanƙwasuwa da safe sai na tsoma su a ruwan zafi. Alhamdulillahi.

Mwatima ta aiko mini cewa kwamitinku na masunta ya ƙone kwandunan tarkon Baba a bakin teku bayan La'asar, gaban kowa da kowa. Ta ce kai ne sakatare, kai ka karanta hukuncin. Ta ce Faki mai jirgin inji ya dubi Baba yana dariya, ya ce, "Matso ka sha ɗumi, tsoho, ai itacenka ne." Kwandunan nan da hannunsa ya saƙa su, da idon da ya fara hazo.

Kada ka ɗauka ina cikin masu cewa a bar teku haka nan. Na san abin da ya kore ni daga tsibirinmu Pemba: fita da asuba, dawowa da kifin da bai cika tafin hannu ba. Idan an ce a rufe wani yanki kifi ya samu ya hayayyafa, ni ne farkon mai ɗaga hannu. Abin da na kasa ganewa shi ne, duk faɗin ruwan ƙauyenmu, yaya aka yi rufewar ta faɗa daidai kan Rumbu? Wurin nan ɗaya da Baba ke sa tarko tun ba a haife mu ba, wanda ya ci da mu, ya aurar da Mwatima. An ce ba a yanke komai ba sai da aka tambayi masunta. To wa aka tambaya?

Ka ba ni amsa kai tsaye, ba da harshen ofis ba. Ka gaida Baba, idan yana amsa gaisuwarka.

Yayanka,
Shaame

*

Pemba, watan Sha'aban

Zuwa ga Yaya Shaame,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa ta girmamawa, wasiƙarka ta iso, kuma zan amsa bisa yadda abin ya gudana.

An tambayi kowa, har da Baba. Jami'ar da ta zo daga birni ta shimfiɗa taswirar teku a farfajiyar makaranta, ta ba kowane masunci ƙwayoyin masara, ta ce ya ajiye a inda yake kamun kifi. Ta bayyana cewa inda masara ta taru ba za a taɓa ba, inda babu za a rufe. Baba yana zaune a gaba, ya ji.

Ka san halin mutanenmu. Ka tambayi masunci inda ya samo kifi, ya nuna maka kudu da haɓa alhali daga arewa ya fito. Kowa ya yi ƙarya ran nan, amma ƙaryar kowa ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba. Baba kuwa ya miƙe, ya zagaya taswirar gaba ɗaya, ya ɗora masararsa kan tudun yashin nan na yamma inda ko kaguwa ba ta kwana. Mutane suka tuntsire da dariya, shi ma ya koma ya zauna yana shafa gemu, ya ci wasa. Matar ta nuna farin wurin da ya rage a gabas babu masara, ta tambaya ko akwai mai ci daga nan. Ta maimaita har ta gaji. Baba yana duban rufin kwano. Da aka zo kan a rufe wurin, Faki ya riga kowa ɗaga hannu, tunda ba abin da zai rasa.

Ka ce in bar harshen ofis. To na bari. Na san masarar nan ƙarya ce, Yaya. Amma ina gaskiyar take? Tun ina yaro nake tuƙa wa Baba kwalekwale, kuma duk sanda muka doshi Rumbu sai ya ce, "Ussi, ƙasa." In kwanta rub da ciki a gindin kwalekwale, hancina cikin ruwan ƙarni, kai kana zaune a gaba yana nuna maka alamun tudu. Har na yi gemu ana yi mini haka, wai bakina ba ya riƙe magana. Abin da na sani game da Rumbu shi ne katakon da na ƙirga kusoshinsa. Shi kake so in ɗora wa masara?

An kama shi cikin yankin da aka rufe, an gargaɗe shi, ya koma. Dokar da muka sa wa hannu ta ce a ƙone. Da na ɗaga wa ubana ƙafa, gobe kowa zai zo da nasa uban.

Hanya ɗaya ta rage. Bayan Sallah za a sake zama, kuma ana iya matsar da iyaka idan mutum ya tabbatar ya daɗe yana kamu a wuri, ya faɗi alamunsa. Baba ya ce a yanke harshensa ya fi. Yanzu yana zaune a gida yana cin rogon da mijin Mwatima ke aikowa. Bayan shi, kai kaɗai ka sani.

Ka huta lafiya.

Ƙanenka,
Ussi, sakataren kwamitin masunta

*

Salala, watan Azumi

Ussi,

Assalamu alaikum, da fatan ana shan ruwa lafiya.

Na karanta. Matar nan ba ta da laifi, ta tambaya. Kai ma a kan maganar kwanciyar nan kana da gaskiya. Ina tuna tafin ƙafafunka a sama, fari fat saboda ruwa. Baba ya cuce ka, ba zan ce bai yi ba. Amma ka zauna kana kallon tsoho yana yi wa kansa illa yana murmushi, kalma ɗaya a kunnensa ta isa, ka hana shi. Wannan ma ba zan ce ba ka yi ba.

Ran da ya nuna mini alamun Rumbu, sai da ya tsoma hannuna cikin teku ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba sai ɗan da na haifa. Allah bai ba ni ɗa ba. Na auna rantsuwar da tsohon da ke jiran rogon suruki, na ga gara in yi kaffara.

Ka fita ta mashigar gabas, ka juya baya ga teku. Ka yi ta tuƙi har kukar tsohuwar maƙabarta ta rufe hasumiyar masallacin Juma'a. Ka riƙe su a haɗe, ka ci gaba har ratar da ke tsakanin ƙananan tsibiran nan biyu ta toshe. Nan ne. Dutse ne mai kogo a ƙasa, zurfinsa bai kai yadda ake zato ba.

Ka kai wa jami'ar ita kaɗai, a keɓe. Ta zana iyakarta ba tare da an ambaci kuka ko hasumiya ba. Idan maganar nan ta shiga kunnen masu inji da komarsu mai ƙananan idanu, ka san sauran. Na ba ka abin da aka hana ka. Ka riƙe shi kamar ɗan gida.

Allah Ya karɓi ibadunmu.

Shaame

*

Pemba, watan Zulƙida

Yaya Shaame,

Bayan gaisuwa, ina sanar da kai sakamakon zama.

Tsarinmu ya ce ba a karɓar hujja a ɓoye, komai a gaban masunta ake yi. Ni na rubuta wannan sharaɗin tun farko, na ɗauka ka sani. Saboda haka na miƙe na karanta alamun. Faki ya ce iska ta hana shi ji, na sake karantawa a hankali. Baba ya tambayi inda na samo. Na ɗaga takardarka, ya gane rubutun.

An matsar da iyaka, an buɗe Rumbu. Yanzu tudun yashin yamma aka rufe.

Kafin Baba ya gama saƙa sababbin kwanduna, jiragen inji sun yi ta zuwa. Kifi ya yi arha a kasuwa har mata suna shanyawa a kan rufi. Makon jiya Baba ya ce in kai shi Rumbu, idonsa ba ya rarrabe kuka da hasumiya kuma. Na tuƙa, ina zaune a miƙe, na haɗa alamun da kaina. Ka yi gaskiya, ratar tana toshewa sarai. Da ya jiyo ƙarar injuna a gabanmu, sai ya sauka daga mazauni da kansa ya kwanta rub da ciki a gindin kwalekwale.

Ya ce in gaya maka kada ka wahalar da kanka da zuwa Babbar Sallah. Ya ce ashe bai san wanda ya kamata ya kwantar ba.

Ka huta lafiya.

Ussi

*

Salala, jajiberin Sallah

Ussi,

Salamu alaikum. Saƙon ya iso. Ka gaya masa na ji, kuma bai faɗi ƙarya ba.

Ba zan zo ba. Na aika wa Mwatima yadi da maganin ido ta kai wa Baba, ta ce masa daga mijinta ne.

Abu ɗaya ka tsallake a wasiƙarka, kai da ba ka tsallake komai. Da ya kwanta, ka ɗaga shi, ko ka ci gaba da tuƙi?

Barka da Sallah.

Shaame