Ƙofar da Sunusi Yake Shigowa

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Na buɗe shago yau, karon farko tun da na fita takaba. Kwamfutar tana nan yadda Sunusi ya bar ta, hotonsa da 'yarmu Khaula a fuskarta. Ina kunnawa ta ce a sabunta ta. Na danna sai anjima.

Alhamis, 19 ga Yuni

Yaya Hafizu, wan Sunusi, ya biyo daga Rogo. Ya duba kwamfutar ya girgiza kai. "Laure, rabon da a sabunta wannan tun yaushe? Duk ɓaraka ce a jikinta. Ga ƙofar da marigayi yake shigowa daga nesa a buɗe, ɓarayin intanet irinta suke nema. Bari in rufe."

Na ce a bari tukuna.

Ya zan yi in gaya masa? Lokacin da Sunusi yake aiki a Kano, in wani abu ya gagare ni sai ya shigo kwamfutar ta intanet daga can, in ga kibiyar da ake nuni da ita tana tafiya da kanta. Kafin ya taɓa komai sai ya yi ta juya ta a tsakiyar fuska, wai sallamarsa ke nan. Ni kuma in ce wa alaikumus salam, masu jiran fotokwafi suna kallona kamar wata zararriya.

Yaya ya ce to ko bidiyoyin ne in kwashe a filasha. Bidiyon sunan Khaula, da wanda babanta yake biya mata Fatiha tana cin kwalar rigarsa. Babu su a ko'ina sai nan, wayarsa ta tafi a hatsarin da ya yi ajalinsa. Na ce ranar kasuwa zan saya.

Talata, 24 ga Yuni

Kibiyar ta motsa.

Da hantsi ne, ina buga wa wani malami daga Kafin Dafga takarda. Hannuna yana kan cinyata, ita kuwa tana tafiya. Na sani sarai ba shi ba ne, ai a gabana aka fita da gawarsa. Amma wallahi bakina ya riga ni, na amsa sallama. Na zauna ina jira ta juya. Ba ta juya ba, sai buɗe wurare take yi da sauri. Soket yana nan gefen ƙafata, ban zare ba. Malamin yana ta cewa, "Hajiya, lafiya?"

Laraba, 25 ga Yuni

Ashe ɓarayin da Yaya ya faɗa ne suka shigo ta ƙofar, komai ya kulle. Babu abin da yake buɗuwa.

Asabar, 28 ga Yuni

Yaya ya kai kwamfutar Kano ya dawo. Babu bidiyoyin, ko ɗaya. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ki yi haƙuri, ƙanwata," ya kau da kai. Shi ma muryar ƙaninsa ce ya rasa.

Khaula ta ce in kunna mata Abba. Na ce kwamfuta ba ta da lafiya. Zuciyata kamar ta fashe. Ya Allah.

Lahadi, 6 ga Yuli

An wanke kwamfutar tas, an zuba sabon tsari. Da aka zo kan ƙofar Yaya ya tsaya yana kallona. Na ce ya kawo, da hannuna na rufe. Ashe dannawa ɗaya ce.

Litinin, 14 ga Yuli

Ruwa tun safe, duk da haka mutanen Falgore sun cika shago da takardun taki. Kwamfutar ta ce a sabunta, na danna to, na ci gaba da fotokwafi.

Bayan Magariba na biya wa Khaula Fatiha. A waladdallin ta ja ta ja, har numfashinta ya ƙare, yadda babanta yake yi. Ba ni na koya mata haka ba.

Sai yanzu na tuna, yau ban zauna gadin kibiyar ba. Aiki ne ya yi yawa, shi ke nan.