Zuwa ga Mijina, Gwanin Jinya ta Waya

Ya hasken idona, sanyin zuciyata! Ya hadarin da ke cika sama da rugugi, bai taɓa jiƙa ko zanin shanya ba!

Ka tuna ranar da ka shigo falo da ƙanwarka Auta, ka riƙe hannuna, murya kamar zuma, ka ce kwana biyu kawai za ta yi ta huta? Wata bakwai ke nan, masoyi. Ashe kwana biyunka sun fi damina tsawo!

Wa ya kai ka iya jinya? Daga ofis kake turo saƙon murya, wai a yi haƙuri da ita, a dage da addu'a. Ni da Allah bai ba ni baiwarka ba, ni ke tsamo kwalaben maganin tari daga tankin banɗaki. Ni na ɓoye wuƙaƙe da reza a ƙasan akwatin zannuwana. Ni ke tsayawa a kanta ta haɗiye maganin likita, in ce ta ɗaga harshe in gani. Ranar da ta kulle kanta a ɗaki tana kuka, wai ta zame wa kowa kaya, awa uku na yi a bakin ƙofa ina lallashi har girki ya ƙone. Ka dawo, ya tauraron asubahina, ka tambaye ni me ya sa gidan ke ƙauri!

Kuma wace hikima ce ta sa kake gaya wa abokanka tana karatu a wani gari? Bangon ɗakinta ba shi da kauri, rabin raina. Tana ji.

Yau kwananta arba'in ba ta sha ba. Ta yi kitso, ta cinye abincinta, har dariya na ji ta yi. Likita ta ce ranar Talata da ƙarfe goma tana son ganin ɗan'uwan Auta, wato kai. Sau biyu Auta ta goge maka farar rigarka. Ba za ta roƙe ka ba, tana tsoron ka ce kana da taro.

To ni na roƙe ka. Ka zo ka zauna a bencin asibitin nan, ka bari jama'a su gan ka kusa da ita. In ba ka zo ba, za a miƙo takardar da ke tambayar wa take da shi a duniya, in rubuta sunana ni kaɗai.

Taka ce ni har abada, ko ka zo ko ba ka zo ba. Abin da ya rage maka zaɓi shi ne irin idon da zan riƙa kallon ka da shi.

Matarka.