Ƙafar Bencin da Ta Kai Babana Gidan Yari

Zuwa ga Mai Shari'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Allah ya ƙara maka nasara.

Ranka ya daɗe, ni 'yar makaranta ce, kuma ban taɓa rubuta wa babba takarda ba. Mahaifina, Malam Sule kafinta na Abakpa, yana cikin mutanen da ka ɗaure saboda faɗan da ya ɓarke a taron siyasa na Kawo. An ba shi wata shida. Ba gardama na zo yi ba, akwai dai abin da na kasa ganewa.

Na farko. Baba ba ɗan kowace jam'iyya ba ne. Bencuna yake bayarwa haya, ga masu biki da masu suna da masu taro. A ranar ina gida hutu, Inna ta aike ni in kai masa abinci. Da idona na ga samari suna karya bencunan suna yin kulki da ƙafafunsu. Baba ya ruga ya fizge ƙafa ɗaya daga hannun wani saurayi, yana yi masa faɗa. A haka 'yan sanda suka iso. Saurayin hannunsa wayam, ya wuce gida. Baba kuwa an ce an kama shi da makami. Shin doka tana tambayar yadda abu ya zo hannun mutum, ko kuwa inda aka same shi kawai take dubawa?

Na biyu. Wanda ya jefi mota ya fasa gilashi wata uku ya samu. Waɗanda suka hau kan tebur suna zuga jama'a kuwa, ko kotun ba a kawo su ba. A makaranta an koya mana cewa kafin a auna abu sai an tabbata ma'aunin a daidai yake. Ina so in san da me ake auna watanni. Ban ce kada a hukunta kowa ba, domin na ga dattijon da aka rotsa wa kai, kuma shi ma uban wasu ne.

Na uku. An ce Baba bai kare kansa ba. Gaskiya ne. Saurayin nan da Baba ya ƙwace ƙafar benci daga hannunsa ɗan maƙwabcinmu ne, a gaban Baba aka raɗa masa suna. Ko da za a yanka shi, ba zai tona ɗan maƙwabci a bainar jama'a ba. Shin shirun nan ma an lissafa shi cikin laifi?

Roƙona biyu ne. A duba ƙafar bencin da aka ajiye a kotu: a ƙasanta akwai alamar da Baba yake ƙonawa da ƙarfe a jikin duk abin da ya sassaƙa. Kafinta ba ya karya aikin hannunsa don ya daki mutum. Sannan a sake sauraron maganar, a kira ni.

Ranar shari'a ina tsaye a bakin ƙofa, na san duk wannan, amma kunya ta hana ni buɗe baki. Tun daga ranar ban daina ganin laifina ba. Har yau ba na iya ɗaga kai gaban manya, amma idan ka kira ni zan zo, in faɗi abin da na gani.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.
Rakiya, 'yar Malam Sule, Abakpa, Kaduna