A Tsare Baba da Ruwa

Uwargida,

An kira ni ofis, ba zan iya jiran ki dawo ba.

Karyarmu Gimbiya da karen da na aro mata suna filin baya. Bayan duk jan ajin da ta yi, yau da safe ta amince. Sun maƙale ke nan sai ga Baba da bokiti, yana cewa, "Ba a gidan 'yata ba!" Ya sheƙa musu ruwa. Angon ya fizge, yanzu ɗingishi yake, ita kuma tana ƙarƙashin mota tana kyarma. Na yi wa Baba bayani a ilimance, ya ce ashe abin da na karanto a jami'a ke nan.

Mai karen zai ɗauke shi da yamma. Likitan dabbobi ya ce shekarun Gimbiya sun ja, in wannan karon ya wuce, ba za mu ga 'ya'yanta ba.

Don Allah ki kulle ƙofar baya, ki riƙe makullin. Kada a leƙa su, kada a tura su. In sun sake maƙalewa, da kansu za su rabu.

Na ɓoye bokitai duka. Butar ce ta gagare ni, tana hannun Baba.

Maigidanki