Rigar da na ɗinka ta ɓata sunan surukina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, zan jero abin yadda ya faru.

Ni tela ne a Sa'alaba, nan Jidda. Mahaifin maiɗakina malami ne, Baba Malam muke ce masa. Shi ya tsaya mini har na samu iƙama, wato takardar izinin zama, shi ya ba ni 'yarsa. Yana zaune a gidan wani attajiri a unguwar Mahjar, an ba shi ɗaki yana koyar da iyalin gidan karatu. Ni nake masa ɗinki, kuma shigarsa guda ce kullum, jallabiya ruwan ƙasa da koren mayafi a kafaɗa. Ko daga nesa ka hango ka san shi ne.

To, wani malamin Faransanci ɗan Nijar, Mushe suke ce masa, wato malam da Faransanci, ya zo shagona ya ce ɗalibansa za su yi wani tsohon wasan barkwanci na Faransawa, amma da kayan Hausa. Ya faɗi na maigida, na matarsa, na 'yar aiki. Da ya zo kan na ƙarshe ya ce, "Wannan ina son shigar mutumin da kana ganinsa za ka miƙa masa makullin gidanka." Ban tambayi labarin wasan ba, ni ba na shiga abin da ba ɗinki ba. Na duba a raina, ban san mai tsoron Allah kamar Baba Malam ba. Akwai ragowar yadinsa a shago, na ɗauko na yanka irin tasa sak, har koren mayafin. Wallahi girmamawa na nufa.

Aka yi wasan bayan la'asar a wani ɗakin taro da suka kama a Abhur. Na je na zauna a gaba, alhali ba na jin Faransanci ko kalma ɗaya. Mai rigar ya fito da carbi, kai a sunkuye, sai dariya ta tashi. Na ɗauka shigar ce ta burge su. Can sai na ga yana kama hannun matar maigida. Na tambayi na kusa da ni, wani direba ɗan Cadi. Ya ce, "Haba tela, ba ka gane ba? Munafuki ne, an ajiye shi a gida saboda addini, shi kuma matar yake so, har da gidan." Ya sake kallon rigar ya ce, "Af, wannan ba malamin Mahjar ba ne?"

Ashe an ɗauki wasan a waya, kafin in iso gida bidiyon ya zaga guruf-guruf. Na fara zuwa wurin Mushe, ya rantse bai taɓa ganin Baba Malam ba, ya ce wasan ya girmi kakanninmu, zai canza rigar, amma bidiyon da ya fita halas, shi ke nan, ba ya dawowa. Bayan haka na ji attajirin ya tsayar da karatun matan gidan, ya ce yara maza kawai, su ma a ƙofar gida. Maiɗakina kuwa abinci take ajiye mini ta tashi. Ta ce ko makaho ya shafa wuyan rigar nan ya san hannuna ne.

Shekaranjiya Baba Malam ya zo shago da farar riga irin ta kowa, da kyar na gane shi. Ya ajiye jallabiyoyinsa a ninke kan teburi. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Ɗana, kai ka fi kowa kusa da ni. In akwai abin da ka gani a tare da ni, faɗa mini in gyara tun ina da rai." Na yi masa bayani tiryan-tiryan, ya ce ya ji, Allah Ya sa haka ne. Ya tafi bai ɗauki rigunan ba.

In na je na rantse wa attajirin, za a ce suruki ne yake rufa asiri. In na yi bayani a guruf, wanda bai ga bidiyon ba zai je ya nema. In na yi shiru, ɗakin da aka ba Baba Malam ma zai iya rasa shi, ga tsufa. Jama'a, ta ina zan fara? Kuma rigunan nan da suke gabana, in kai masa, da wane baki zan ce ya sake sawa?