Mai Girma Sanata, Hannunka Ne ko Na Inji?

Zuwa ga Mai Girma Sanata,
Majalisar Dattawan Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni Bahaushe ne mazaunin Ainu Shams a Alƙahira, ina aiki a shagon aika kaya zuwa Kano. Maƙwabtana tattabaru suke kiwo a saman bene, ni kuwa wasiƙun 'yan siyasar ƙasarku nake tarawa, masu ɗauke da sa hannu. Na rubuta wa gwamnoni da 'yan majalisa, wasu suka amsa, yawanci suka yi shiru. Kai kaɗai ka amsa mini sau biyu, shi ya sa na ba ka bangon falo, inda hoton aurenmu yake a da.

Ga kokena.

1. Ranar Juma'a maiɗakina Bilkisu ta ciro wasiƙunka daga gilashi za ta goge shi. Sai ta haɗa su ta ɗaga a taga. Ranka ya daɗe, sa hannun nan biyu suka hau kan juna suka zama ɗaya. Ko ɗigon da ke ƙarshen sunanka bai goce ba, alhali shekaru ne a tsakaninsu.

2. Ta ce inji ne. Na ce mutum ne mai natsuwa. Don in kare ka, na cika takarda da nawa sa hannun, na ɗaga a taga. Babu biyu da suka yi kama. Na zaci ni ne hannuna ke rawa, don nakan zargi kaina kafin in zargi manya. Na sa Bilkisu ta gwada, da maigadin gidanmu, da mai sayar da wake a bakin layi. Ashe kowa hannunsa na rawa, sai kai.

3. A wasiƙar farko ka ce ka karanta tawa cikin matuƙar sha'awa. Babu baƙon da ya sha shayi a gidana ban karanta masa wannan layin ba. To in inji ne ya sa hannu, wa ya yi sha'awar?

Bilkisu ta ba ni zuwa Babbar Salla. In ban kawo hujja ba, khalas, magana ta ƙare, hoton aure ya koma bango, kai kuma ka sauka ƙarƙashin gado, cikin akwati, wurin gwamnoni. Ta ma riga ta goge wa hoton ƙura.

Roƙona ɗaya ne: ka aiko wasiƙa ta uku, ko layi biyu ne. Ka sa hannu a tsaye, ko a cikin mota, ka bar shi ya karkace. In biro ya ƙi, ka soke ka sake. In kofi ya ɗiga, kada a canja takardar. In kuwa injin ne tun farko, ma'alish, ba komai, a gaya mini gaskiya, a kuma miƙa masa gaisuwata, don shi ne ya kula ni har sau biyu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka sa'a a zaɓe, ya sa hannunka ya ɗan yi rawa.

Wassalam.

Naka,
Mai tara wasiƙu, Ainu Shams.
Na sa hannu a ƙasa. Ya karkace.