Wai dillali cima-zaune ne

Daren Talata, Yankara

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau a darasin kasuwanci Malam ya ce dillali cima-zaune ne, ko babu shi kasuwa za ta ci. 'Yan aji suka juyo suna kallona, don sun san sana'ar Baba ke nan.

Na ce, “Malam, baƙon da ya kawo shanu, wa zai tsaya masa ya shaida ba na sata ba ne?”

Ya ce, “Zauna, wannan ba ya cikin littafi.”

Na zauna, amma da ƙyar. Kasuwar da ta wuce, da idona na gan shi ya jawo ragonsa wurin Baba yana “Alhaji, a taimaka a sayar mini.” Da sai ya kai wa littafin ya sayar masa.